Yadda ake tashin sunan domen daga wani kamfanin rajista zuwa wani ba tare da shafi ko imel ya mutu ba

Dalilan da ke sa mutum ya tashi sunan domen ɗinsa, wato adireshin shafinsa a intanet irin sunanka.com, daga kamfanin da ya yi masa rajista ba su da yawa. Ko dai an ba shi shekarar farko da arha, da lokacin sabuntawa ya zo kuɗin ya ninka. Ko ya gaji da aika saƙo ba amsa. Ko katin bankinsa ya daina wucewa a wurinsu. Ko kuma kamfanin ne da kansa ya sauya hannu, kamar yadda masu sunayen domen a Google Domains suka wayi gari a hannun Squarespace bayan cinikin 2023. Ƙaurar kanta ba wani aiki ba ne. Cire kullen da ke hana tashin sunan, karɓi lambar sirri ta ƙaura, biya kuɗi, jira kwana biyar zuwa bakwai. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sunan ne kaɗai ke ƙaura. Duk wani abin da tsohon kamfani yake yi maka a gefe, wato riƙe bayanan DNS (masu nuna wa intanet inda shafinka da imel ɗinka suke), tura imel, karkatar da masu ziyara zuwa wani adireshi, yana nan a gidan da ka baro, kuma ba dole ba ne su ci gaba da yi maka shi bayan ka tafi.

Fara da sanin waye ke riƙe da sunan

Hannu uku ne a kan kowane suna. Akwai mai babban kundi, wanda shi ke riƙe da duk sunayen da suka ƙare da abu ɗaya: Verisign ke da .com da .net, Public Interest Registry ke da .org, NiRA ke da .ng. Akwai kamfanin rajista, wanda aka ba izinin shigar da suna cikin kundin. Sai kuma dillali, wanda ke sayarwa a ƙarƙashin wani kamfanin rajista da sunansa da tambarinsa. Kamfanonin masaukin shafi (hosting) da yawa dillalai ne, shi ya sa za ka biya kuɗi a wuri ɗaya amma ka ga sunan wani kamfani daban, irin su Tucows ko eNom ko PublicDomainRegistry, a bayanan rajistarka.

Shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan. Abubuwa biyar za ka kwafa a takarda: sunan kamfanin rajista na ainihi, ranar da aka fara rajista, ranar ƙarewa, sabobin sunan da aka ɗora (name servers, kwamfutocin da ke riƙe da bayanan DNS ɗinka), da layin matsayi. Layin matsayin nan shi ke gaya maka ko ƙofa a buɗe take. In ka ga clientTransferProhibited, kullen kamfaninka ne, kai ma za ka iya cire shi daga asusunka. In ka ga serverTransferProhibited, kullen daga mai babban kundi yake, babu maɓallin da za ka danna ya buɗe; yawanci sabuwar rajista ce, ko ƙaurar da ba ta daɗe ba, ko wata shari'a a kan sunan. In kuwa redemptionPeriod ne ya fito, wato zangon fansa, ka ajiye maganar ƙaura tukuna, sunan ya riga ya faɗi, sai ka fanshe shi a tsohon kamfani.

Idan binciken ya nuna cewa dillalin da kake bari da wanda za ka koma duk a ƙarƙashin kamfani ɗaya suke, to ba ƙaura za ka nema ba. Turawa ce daga asusu zuwa asusu, kuma sau da yawa ba ta ɗaukar ko kwana ɗaya.

Akwai matsalar da ta fi duk waɗannan ci wa masu ƙananan sana'a tuwo a ƙwarya: wanda ya haɗa musu shafi ya yi rajistar sunan a asusunsa, da sunansa da imel ɗinsa. A idon kamfanin rajista shi ne mai suna, ko da kai ka biya kuɗin shekara biyar a jere. Ba za su ba ka lambar ƙaura don ka nuna rasit ɗin tura masa kuɗi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a zauna da shi cikin lalama, ka buɗe asusunka a kamfanin da sunan yake, ya turo maka shi, sannan a yi maganar tashi. Wanda ya fara da faɗa yakan ƙare da sayen sabon suna.

Kullen kwana 60

Ga sunayen da ke ƙarƙashin ƙa'idar ICANN (hukumar da ke tsara harkar sunayen intanet), irin su .com da .net da .org, abubuwa uku ke jawo jiran kwana 60. Na farko sabuwar rajista. Na biyu ƙaurar da aka yi kwanan nan. Waɗannan biyun ba su da magani sai haƙuri. Na ukun shi ne wanda mutane ke jawo wa kansu da hannunsu: tun daga 1 ga Disamba 2016, sauya sunan mai rajista, ko sunan ƙungiyarsa, ko adireshin imel ɗinsa, ana ɗaukarsa a matsayin sauya mai suna, kuma yana kulle sunan kwana 60.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya shirya ƙaura, ya duba bayanansa, ya ga tsohon imel ne da ya daina amfani da shi. Ya ce bari in gyara kafin in tafi. Ya gyara, ya tabbatar, ya koma neman lamba, sai ya tarar da saƙon cewa ba za a iya tashin sunan ba sai bayan wata biyu. In ranar ƙarewa ta kusa, dole ya sake biyan kamfanin da yake gudu kuɗin shekara guda.

Ƙa'idar ta bar wa kamfanoni damar ba ka zaɓin ƙin wannan kulle, amma kafin a yi sauyin, ba bayansa ba. Wasu suna sa ɗan ƙaramin akwati da za ka danna a shafin gyaran, wasu ba sa bayarwa sam. Saboda haka kada ka taɓa suna ko imel sai ka ga akwatin da idonka. In babu shi, kuma kamfanin yana nuna lambar ƙaura kai tsaye a cikin asusu, ka bar tsohon imel ɗin yadda yake, ka yi ƙaurar, ka gyara bayan ka isa. In kuwa ta imel kaɗai suke aika lambar, ka fara gwada farfaɗo da tsohon akwatin. Haka ma ɓoye bayanan mai suna: tsofaffin bayanai a intanet suna cewa a kashe shi kafin ƙaura, amma tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a Mayun 2018 aka sauya tsarin, yanzu yawancin ƙaura ba ta buƙatar hakan. Ka bar shi sai in sabon kamfani ne ya nema da bakinsa.

Lokacin da ya dace

Ka fara aiki saura aƙalla wata ɗaya sunan ya ƙare. Wata biyu ya fi. Ba ka asarar komai don ka yi da wuri, domin ƙaura tana ƙara shekara ɗaya a kan ranar ƙarewar da kake da ita, ba a kan ranar da ka tashi ba, muddin jimillar ba ta wuce shekara 10 ba.

Tarkon da ke nan na kwana 45 ne, kuma lissafinsa yana da ɗan rikitarwa. A ce sunanka ya ƙare ranar 10 ga Maris. Mai babban kundi zai sabunta shi da kansa, ya caji kamfaninka, ya ba su kwana 45 su fasa in sun so. Ka farga ranar 15 ga Maris, ka biya kuɗin sabuntawa, haushi ya sa ka tashi sunan a ƙarshen watan. Da yake ƙaurar ta faɗo cikin kwana 45 ɗin, mai kundi zai mayar wa tsohon kamfani kuɗinsa ya cire waccan shekarar, sannan ya ƙara ta ƙaura. Ka biya shekara biyu, ka samu ɗaya. Wasu kamfanonin suna mayar da kuɗin in ka nema, wasu kuwa ko kallonka ba za su yi ba. In ka riga ka sabunta bayan ƙarewa, ka jira har 24 ga Afrilu ta wuce.

A ƙa'ida ana iya tashin sunan da ya ƙare muddin bai shiga zangon fansa ba, kuma kamfani ba shi da ikon hana ka don ba ka biya shekarar da ke tafe ba. Amma ba shawara ba ce. A lokacin sun riga sun karkatar da shafinka zuwa shafin tallarsu, imel ya tsaya, kuma in abu ya ɗan tangarɗa sunan zai faɗa zangon fansa na kwana 30, inda kuɗin fanso shi ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Bayan nan saura kwana 5 a goge shi, kowa ya iya saye.

DNS kafin komai

Nan ne ya kamata ka ba da lokacinka. Koma ga sabobin sunan da ka kwafa. In na kamfanin masaukin shafinka ne, ko na wani mai zaman kansa irin Cloudflare, ƙaurar ba za ta taɓa su ba, kana iya tsallake wannan sashe. In kuwa na tsohon kamfanin rajista ne, irin waɗanda suke bayarwa kyauta ga duk wanda ya sayi suna a wurinsu, ka sani cewa kyautar ta abokin ciniki ce. Da sunan ya fita, suna iya goge bayananka nan take ko bayan 'yan kwanaki. Babban kundi kuma zai ci gaba da tura duniya zuwa ga sabobin da yanzu ba su san ka ba.

Abin da ya fi ban haushi shi ne shafi yana nuna mutuwarsa, imel ba ya nunawa. Shafi in ya faɗi, cikin awa ɗaya wani zai kira ka. Imel kuwa shiru kawai za ka ji. Mai kamfani zai ɗauka kasuwa ce ta yi sanyi, alhali saƙonnin masu neman kaya suna komawa wurin masu aiko su. Wani lokaci shafin ma yana aiki lafiya, domin sabon kamfani ya kwafo bayanin A na shafi da kansa, amma ya bar MX na imel a baya.

Saboda haka a bi wannan tsari, kuma a gama shi kafin a cire kulle.

Kwafi dukkan bayanan. In akwai maɓallin fitar da fayil, yi amfani da shi. In babu, ɗauki hoton kowane shafi, sannan ka kwafi rubutun a fayil, domin ba a kwafar mabuɗin sa hannun imel (DKIM) mai ɗaruruwan haruffa daga hoto. A da AAAA su ke nuna inda shafi yake. CNAME yawanci na www ne da sauran rassa. MX na imel ne, kuma kowanne yana da lambar fifiko a gabansa, ita ma a kwafe ta. TXT shi aka fi mantawa: a ciki SPF yake, da DKIM, da DMARC, masu tabbatar da cewa imel daga wurinka ya fito, da layukan da Google Workspace ko Microsoft 365 ko Zoho suka sa ka ɗora don tabbatar da mallaka. In SPF da DKIM suka ɓace, imel ɗinka zai fita, amma zai riƙa faɗawa akwatin saƙonnin banza na mutane. Duba kuma ko akwai CAA da SRV. Kada ka dogara da na'urar sabon kamfani da ke cewa za ta binciko maka bayanan da kanta; tana gwada sunayen da aka saba da su ne, ba ta san reshen da ka ƙirƙira wa manhajar lissafin kuɗinka ba.

Ɗora bayanan a sabon wurin da zai riƙe maka DNS, sannan ka tambayi sabuwar sabar kai tsaye kafin ka sauya komai. A kwamfuta, umarnin nslookup -type=MX sunanka.com sai ka bi shi da sunan sabuwar sabar. Amsar da ta bayar ta zama daidai da ta tsohuwar. Yi haka ga A da TXT.

Duba DNSSEC, tsarin tsaro da ke sa hannu a kan bayanan DNS. In a kunne yake, akwai bayanin DS a babban kundi da ke cewa kada a yarda da amsar da ba ta ɗauke da sa hannun tsohon mabuɗi. Ka sauya sabobi ka bar shi, sai sunan ya ɓace ga duk wanda ke amfani da sabar da ke tantancewa, irin 8.8.8.8 ta Google da 1.1.1.1 ta Cloudflare, alhali a wayar wani yana buɗewa. Irin wannan matsala tana sa mutum ya yi ta zargin kamfanin layin waya ba gaira ba dalili. Cire DS ɗin daga asusun tsohon kamfani, ka jira kwana biyu, sannan ka ci gaba.

Yanzu sauya sabobin suna. Ga .com, ana iya riƙe tsohon bayanin har awa 48, don haka kada ka goge komai a tsohon wurin cikin waɗannan kwana biyun. Aika wa kanka imel daga wani akwati na waje, ka amsa shi, ka buɗe shafin da www da kuma ba tare da shi ba.

Dalilin da ya sa aikin DNS ke zuwa kafin ƙaura: da zarar matsayi ya koma pendingTransfer, wato ƙaura na kan hanya, ba a iya taɓa sabobin suna sai ƙaura ta ƙare. In ka gano kuskure a rana ta biyu, ko dai ka zauna da shi har kwana biyar ɗin su cika, ko ka soke ƙaurar ka faro daga farko.

Tura imel da karkatar da adireshi ba bayanan DNS kaɗai ba ne, aiki ne da sabar tsohon kamfani ke yi. Ko ka kwafi MX ɗinsu daidai, za su daina karɓar saƙonka. Sai ka samar da madadinsu tun da wuri. In kuma akwatin imel ɗin kansa a wurinsu yake, sauke tsofaffin saƙonnin kafin ka tafi.

Lambar ƙaura

Cire kulle, sannan ka nemi lambar. A asusu za ka gan ta da suna Auth code, ko EPP code, ko AuthInfo. Duk abu ɗaya ne. Kamfanin da ba ya nuna ta kai tsaye, ƙa'idar ICANN ta ba shi kwana biyar daga ranar da ka nema ya ba ka ita ya kuma cire kulle. Za su iya jera maka shafuka na rangwame da tambayar me ya sa za ka tafi, amma ba za su iya ƙi ba.

In sabon kamfani ya ce lambar ba daidai ba ce, kafin ka zargi kowa duba abu huɗu. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Kwafa daga imel, musamman a waya, takan ɗauko fili ko ɗigo a ƙarshe. Manna ta a fayil ɗin rubutu tsura ka duba. In da hannu kake rubutawa, sifili da O, da 1 da l da I, suna kama da juna. Sannan a wasu kamfanonin duk lokacin da ka sake danna neman lamba, sabuwa ake yi, tsohuwar ta mutu. Wanda ya danna sau uku ya samu imel uku, na ƙarshen ne kaɗai ke aiki. Wasu lambobin kuma suna da wa'adi, don haka kada ka karɓa ka ajiye sai bayan wata. Lambar nan mabuɗin sunanka ce. Wanda ya same ta alhali kulle a cire yake yana iya tashin sunan, saboda haka ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne.

Wajen biya, kalli kuɗin sabuntawa na sabon kamfani, ba na ƙaura kaɗai ba. A Satumbar 2024 Verisign ta mayar da kuɗin da take sayar wa kamfanoni .com dala 10.26 a shekara. Duk wanda ya ba ka ƙasa da haka sosai, a shekara ta biyu zai fanshe. In da katin naira za ka biya kamfanin waje, tabbatar yana wucewa kafin ka cire kulle, domin ba a fara ƙaura sai kuɗi ya shiga. Karanta sharuɗɗansu kuma: Cloudflare, alal misali, ba ya karɓar suna sai ka riga ka koma sabobinsa, kuma ba za ka iya sa na wani ba muddin sunan yana wurinsa.

Bayan ka biya, tsohon kamfani zai aiko da saƙo. Karanta shi da kyau, domin a yawancin irin waɗannan saƙonni babban maɓallin na soke ƙaura ne, ba na amincewa ba. In ba ka yi komai ba, bayan kwana biyar ƙaurar za ta wuce da kanta. Wasu suna da wurin amincewa a cikin asusu, wanda ke gama aikin cikin awa ɗaya ko ƙasa.

In sun ƙi

Dole su faɗi dalili, kuma dalilan da aka yarda da su ƙidayayyu ne: shaidar zamba, shakku a kan waye mai suna, bashin shekarar da ta wuce ko wadda ake ciki, umarnin kotu, ƙarar rikicin suna da ba a yanke ba, kullen kwana 60, ko kai da kanka ka ce ba ka yarda ba. Bashin masaukin shafi ko na wani aiki daban ba ya ciki. In dillali ya yi shiru, ka tsallake shi ka rubuta wa kamfanin rajistar da ka gani a binciken farko, domin alhakin yana wuyansu. In su ma suka yi shiru kwana biyar suka wuce, ICANN na da fom ɗin ƙorafin ƙaura a sashenta na tabbatar da bin yarjejeniya. Haɗa da ranar da ka nema, lambar tikiti, da hoton amsarsu ko rashinta. Shi ya sa ake neman lamba a rubuce, ba ta waya ba.

Duk wannan ƙa'idar ba ta hau kan sunayen ƙasashe ba. Ga .ng da .com.ng, NiRA ce ke da tsarinta da jerin kamfanonin da ta amince da su, kuma wurinta ake kai ƙorafi. Ba kowane kamfanin waje ne ke karɓar .ng ba, don haka ka tabbatar kafin ka fara. .uk kuwa ba ya amfani da lamba ma: tsohon kamfani ne ke sauya alamar da ake kira IPS tag zuwa ta sabon a kundin Nominet, mai babban kundin .uk, kuma ba a ƙara shekara kai tsaye.

Bayan sunan ya isa

Koma lookup.icann.org ka tabbatar sunan sabon kamfani ya fito, shekara ta ƙaru, sabobin suna ba su sauya ba. Wasu kamfanonin suna ɗora nasu in ba ka lura da zaɓin da ke shafin biya ba. Mayar da kulle. Kunna shiga mai mataki biyu. Duba akwatinka, har da na saƙonnin banza, don saƙon tabbatar da imel: in kwana 15 suka wuce ba ka danna ba, ana dakatar da sunan, ka ga clientHold a layin matsayi, shafi da imel su tsaya lokaci ɗaya. Imel ɗin da za ka sa a rajista kada ya zama na sunan kansa, domin ranar da sunan ya samu matsala, saƙon da zai gaya maka yadda za ka gyara ba zai iso ba. Kunna sabuntawa ta atomatik a sabon wurin, sannan ka shiga tsohon asusu ka soke sauran abubuwan da ake cajinka, amma sai bayan mako guda imel na shiga yana fita lafiya. In kana son DNSSEC, yanzu ne lokacin kunna shi da sabon mabuɗi. Mai sunaye da yawa kuma ya fara da wanda ba a amfani da shi sosai, ya ga halin kamfanonin biyu a kansa, kafin ya taɓa wanda imel ɗin ofis ke kai.